Riƙe Hannu da Layi a Titunan Yamai: Jagora ga Mai Tuƙi

Cunkoson da ake sha a Yamai daga ƙarfe 7 zuwa 8 da rabi na safe, da wanda ake sha da marece in ma'aikata sun tashi, ba ƙarancin titi kaɗai ke kawo shi ba. Birnin da ya daɗe da gada ɗaya tak a kan kogin Isa (Neja), wato gadar Kennedy ta 1970, yau yana da uku: ta biyu da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2011, sai gadar Janar Seyni Kountché a 2021. An yi gadar sama ta Mali Bero a 2013, an yi ta Diori Hamani kusa da kasuwar Katako a 2018, ga kuma babbar hanyar filin jirgi da aka shimfiɗa saboda taron Tarayyar Afirka na 2019. Kwalta ta ƙaru, amma yadda ake hawanta bai sauya ba. Titi mai layi biyu sai a jera masa motoci uku, babura na cusa kai a tsakani, mai taksi ya taka birki a inda fasinja ya ɗaga hannu. Tushen abin guda ne: direban da na bayansa da na gefensa ba su san abin da zai yi nan da daƙiƙa uku ba. Matakan da ke ƙasa duka hanyoyi ne na zama direban da kowa ya san inda ya dosa tun kafin ya karkata sitiyari.

Kafin ka tada mota

Riƙe layi daga zama yake farawa. Ka gyara kujera yadda in ka taka kulochi har ƙasa gwiwarka za ta rage ɗan lanƙwasa, in kuma ka miƙa hannu wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da bayanka ya rabu da kujera ba. Mai kishingiɗa yana tuƙi da hannu ɗaya ba ya ganin gefen motarsa na dama, shi ya sa yake cin rabin layin wani bai sani ba.

Madubin ciki ya ɗauko gilashin baya gaba ɗaya. Madubai biyu na gefe a buɗe su waje har sai ɗan siririn jikin motar kawai ake gani a bakinsu. Da yawa suna karkato su ciki suna kallon ƙofar motarsu, su bar layin da ke kusa da su a duhu. Ko an gyara su daidai, akwai lungu a kowane gefe, daga kafaɗar direba zuwa baya kaɗan, wanda madubi ba ya kamawa, kuma babur guda da fasinjansa suna ɓuya a ciki sarai. Wannan lungu sai da waiwaye.

Sannan ka kunna kilinyota, wato sigina, hagu da dama, ka sauka ka zagaya motar ka gani da idonka, wani kuma ya taka maka birki ka duba fitilun baya. In sigina na ƙyaftawa da sauri fiye da yadda ta saba, yawanci ƙwai ɗaya ne ya ƙone a wannan gefen. Canza shi aikin minti biyar ne wurin mai gyaran wutar mota.

Abin da fenti ke faɗi, da abin yi in ya goge

A Nijar hannun dama ake bi, kuma dokar hanya da ake aiki da ita ta 2014 ce, shekarar da aka kafa hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya. Farin layi miƙaƙƙe wanda bai yanke ba, ba a taka shi, ba a tsallaka shi, ko don wuce mota ko don juyawa. Layi mai yanke-yanke ana tsallaka shi in hanya ta ba da hali. In biyun suna jere, wanda ke gefenka shi ya shafe ka. Kibiyoyin da ke kwance a kan kwalta kafin mahaɗa umarni ne: in ka shiga layin da kibiyarsa ta nuna hagu, hagu za ka yi, ko da ba can ka nufa ba. Sai ka je gaba ka zagayo.

Sai dai a tituna da yawa rana da rairayi sun cinye fentin. Gogewar fenti ba ta soke layi ba. Faɗin layi ɗaya mita 3 ne zuwa 3 da rabi, ƙaramar mota kuwa ba ta kai mita 2 ba. Don haka in hannunka na titin ya kai mita 7, layi biyu ne, ka raba shi biyu da ido ka zauna a tsakiyar rabi ɗaya. Sararin da ya rage a gefenka ba layi na uku ba ne, wurin kaucewa ne in babur ya zame ko yaro ya faɗo titi. Hanya mafi sauƙi ta daidaita mota a tsakiyar layi ita ce kallon nesa, inda za ka kai nan da daƙiƙa goma ko fiye. Mai kallon hancin motarsa shi ke yawo hagu da dama.

Wane layi ne naka

A titi mai layi biyu a hannu ɗaya, irin titin Mali Bero ko hanyar filin jirgi, layin dama shi ne na tafiya. Na hagu na wuce mota ne da shirin juyawa hagu. Wanda ya kafe a layin hagu yana tafiyar kilomita 30 a awa yana hira a waya, shi ke tilasta wa na baya su wuce shi ta dama, inda babura da masu taksi suke. Wanda kuma ya hau kan layin tsakiya, taya biyu nan taya biyu can, ya tare layi biyu da mota ɗaya.

Direbobi da yawa suna gudun layin dama ne saboda masu taksi da rairayin da ya taru a gefe, kuma uzurin nasu yana da ɗan tushe. Maganin shi ne ka zauna a dama ka bar tazara mai kyau, in ka hango mai taksi yana rage gudu ka yi sigina ka fita hagu ka wuce, ka dawo. In cunkoso ya cika layukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ka zauna a wanda kake ciki sai in juyawa za ka yi. Tsalle daga layi zuwa layi a cunkoso bai fi ya ba ka tsawon mota biyu ko uku ba, amma duk shigar da ka yi sai na baya ya taka birki, na bayansa ya taka fiye da shi, har a kai ga wanda zai tsaya cik a baya can ba tare da ya san dalili ba.

Gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa. Mai tafiyar kilomita 8 daga gida zuwa aiki, a gudun 50 zai yi minti 9 da rabi da ɗan ɗoriya, a gudun 70 kuwa kusan minti 7. Ribar ba ta kai minti 3 ba, ita ma jan wuta ɗaya ya cinye ta.

Sauya layi, mataki-mataki

1. Ka yanke shawara da wuri. In za ka juya, ka kasance cikin layin da ya dace tun saura mita 100 zuwa 150.
2. Duba madubin ciki, sannan na gefen da za ka shiga. Abin da kake nema ba ko akwai mota ba ne kawai, a'a, da wane gudu take zuwa.
3. Kunna sigina ka bar ta ta ƙyafta aƙalla sau uku kafin ka motsa sitiyari. A gudun 50 wannan kusan mita 30 zuwa 40 ne.
4. Waiwaya da sauri ta kafaɗa don lungun da madubi ba ya kamawa. Kai kawai za ka juya, ba jiki ba, don kada sitiyari ya bi ka.
5. Shiga a hankali, kana riƙe da gudunka ko kana ɗan ƙarawa. Kada ka shiga gaban mutum sannan ka taka birki.
6. Kashe sigina. A sauyin layi sitiyari ba ya juyawa sosai, don haka sau da yawa ba ta mutuwa da kanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa mataki na 3 da na 5, a kunna sigina lokacin da mota ta riga ta shiga. Sigina neman izini ce da sanarwa, ba ta ba ka hanya. In na baya bai sassauta ba, ka bar shi ya wuce ka shiga bayansa. Haka nan layi ɗaya ake tsallakawa a lokaci guda. Mai yankowa daga bakin dama zuwa mashigar hagu a karkace, ya ratsa layi biyu lokaci ɗaya, ba ya iya duba duka biyun.

Shataletale

Nan ne rikicin Yamai ya fi taruwa, daga Gadafawa zuwa Wadata, daga Maourey zuwa shataletalen Justice, don haka sai an tsaya an yi bayani.

Abu na farko, wa ke da hanya? Akwai jeri, kuma na sama yana soke na ƙasa. In ɗan sanda na tsaye yana ba da hannu, hannunsa ake bi ko da wuta ta nuna kore. In babu ɗan sanda, wutar hanya. In babu wuta ko ta mutu, allo. Allon nan mai kusurwa uku da aka kifa, fari mai jan baki, yana nufin kai mai shiga ka jira waɗanda ke cikin da'ira, wato masu zuwa daga hagunka. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, dokar asali ita ce a ba na dama hanya, kuma a cikin da'ira mai shiga shi ne na dama. Saboda akwai tsari biyu, ka nemi allon da idonka a kowane shataletale, kada ka ɗauka dokar wancan ita ce ta wannan. Ko kana da hanya, ka shiga da giya ta biyu a gudun 20 zuwa 25, ƙafarka kusa da birki.

Abu na biyu, layi ana zaɓensa kafin a shiga, ba a ciki ba. In mafita ta farko za ka bi, ka zo ta layin dama da siginar dama a kunne. In miƙewa za ka yi, ka zo ta dama ba sigina, ka zagaya ta layin waje, sai ka kunna siginar dama daidai lokacin da ka wuce mafitar da ke kafin taka. In hagu za ka yi ko komawa baya, ka zo ta layin hagu da siginar hagu, ka bi layin ciki, da ka wuce mafitar da ke kafin taka ka juya sigina zuwa dama, ka duba madubin dama, ka waiwaya, ka fito layin waje, sannan ka fita.

Karon da aka fi yi a nan iri biyu ne. Na farko, mota na layin ciki ta yanko kai tsaye zuwa mafita, ta tare mota ko babur da ke layin waje yana ci gaba da zagayawa. Mai sauya layi shi ke da alhakin dubawa. In layin waje a cike yake ba ka samu shiga ba, ka sake zagayowa sau ɗaya, bai fi daƙiƙa 20 ba. Na biyu, mai miƙewa da ke yanke da'irar, ya shigo ta dama ya goga tsibirin tsakiya ya fita ta dama, kamar babu layi. Wanda ke hagunsa sai ya matsu da bakin siminti.

Ba a tsayawa a cikin shataletale don sauke fasinja, amsa waya ko sayen ruwa, ba a kuma shiga in mafitarka a toshe take. Da'ira tana aiki ne muddin na ciki suna samun fita. Da zarar motoci daga hanyoyi huɗu sun cusa kai sun tare wa juna mafita, ta kulle, babu mai gaba babu mai baya, sai ɗan sanda ya zo ya warware da hannu.

Mahaɗa da juyawa hagu

A jan wuta ka tsaya bayan farin layi. Wanda ya wuce sandar wutar ya tsaya, ba ya ganin ta in ta sauya, sai an danna masa oda, ga shi ya tare wa masu tsallakawa a ƙafa hanya. Koren wuta ma ba umarnin shiga ba ne in bayan mahaɗar babu wurin da zai ɗauki motarka. Ka jira a bakin layi ko da na baya suna oda. In ka shiga ka maƙale a tsakiya, wuta za ta sauya, ka tare hannu biyu.

Juyawa hagu ta mashigar da aka bari a tsakiyar titi layi ɗaya ake yi. Ka matsa jikin hagu da sigina, ka tsaya da tayoyin gaba a miƙe, don in an buge ka ta baya kada motar ta faɗa gaban masu zuwa. Wanda ya zo ta damanka ya kafa layi na biyu ko na uku ya rufe maka gani, ya kuma tare masu miƙewa. Kada ka zama shi. Haka kuma bin hannun da ba naka ba don gudun zagaye, ko mita 50 ne, yana cikin mafi munin abin da ake yi, domin mai fitowa daga lungu hagunsa yake kallo, ba ya tsammanin komai daga dama. Mashiga ta gaba ba ta da nisa, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Bakin gada da gadar sama

Gadar Kennedy layi ɗaya ce a kowane hannu, kuma ita ce ke kai ɗalibai da malaman Jami'ar Abdou Moumouni da mutanen Harobanda. Layi ɗaya mai tafiya sumul yana wucar da mota ɗaya a kowace daƙiƙa biyu, wajen 30 ke nan a minti. Bakin gada kamar mazurari yake, ko layi nawa aka jera a gabansa abin da zai wuce bai ƙaru ba. Raguwa ma yake, domin kowace mota sai ta tsaya an yi ja-in-ja kafin ta shiga. Tsarin da ya fi sauri shi ne layukan da doka ta shata su tafi har inda suke haɗewa, a nan a shiga bi da bi, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Ka ba mota ɗaya hanya, ka bi bayanta. A kan gadar kanta ba a wuce mota, kuma in amalanke ko mai keke na gabanka, haƙuri za ka yi har ku sauka.

A gadar sama shawara ɗaya ce: sama ko ƙasa, kuma tun saura mita 200 ake yanke ta ta hanyar karanta allo. Wanda ya kai bakin rabuwar hanya ya tsaya yana tunani, ko ya yi ribas don ya kuskure, yana jawo karo daga baya. In ka kuskure ka bi inda ka samu kanka. Mai hawowa daga ƙaramar hanya ya daidaita gudunsa da na masu tafiya kafin ya shiga, kada ya shigo da gudun 15 cikin masu 50.

Taksi, faba-faba da tsayawa a gefe

Mai taksi idonsa na bakin titi yana neman fasinja, saboda haka ka ɗauka zai iya tsayawa a kowane lokaci. Alamunsa a fili suke: rage gudu ba dalili, ƴar gajeriyar oda, mutum a tsaye a gefe. Ka ninka tazararka a bayansa, musamman wajen Babbar Kasuwa, Katako da tashar Wadata.

Ga masu taksi da faba-faba (ƙananan bas na haya) kansu, tsayawa mai kyau matakai huɗu ce: madubin dama saboda babura, sigina, rage gudu a hankali, sannan fitar da motar daga layi gwargwadon yadda wuri ya ba da hali. Kada a tsaya a bakin mahaɗa, a kan kwana ko a jere da wata motar da ta riga ta tsaya. Komawa titi ma sauya layi ne, da madubi da sigina da waiwaye. Fasinja na da nasa rabon laifin. Maimakon ya ce "nan, nan!" a tsakiyar titi, ya faɗa da wuri: "Malam direba, in ka wuce shataletale ka samu wuri ka sauke ni." Ya kuma shirya kuɗinsa, ya fita ta ƙofar dama.

Babura da manyan motoci

Babur abin hawa ne mai haƙƙin layi kamar mota. In za ka wuce shi ka bar aƙalla mita 1 a cikin gari, mita 1 da rabi a wajen gari, domin rami ko tarin rairayi na iya sa ya karkato ba shiri. Kafin ka juya dama, madubin dama da waiwaye wajibi ne, nan ne ƴan kabu-kabu ke bi. Kafin ka buɗe ƙofa ma haka.

Mai babur kuma ya san cewa in ba ya ganin fuskar direba a madubin motar, direban ma ba ya ganinsa. Wuri mafi hatsari shi ne tsakanin babbar mota da bakin titi. Tirela ko tanka in za ta juya dama sai ta fara buɗewa hagu, tayoyin bayanta kuma suna yanke kwana ciki fiye da na gaba. Sararin da ya buɗe a damanta tarko ne, rufewa zai yi. A tsaya a baya har ta gama juyawa. Haka mai ƙaramar mota kada ya cusa kai gaban tifa mai lodin yashi dab da jan wuta. Tazarar da direbanta ya bari ta birkinsa ce, kuma daga saman kujerarsa ba ya ganin abin da ke manne da hancin motar.

Tazara

A gudun 50 mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa ɗaya kuwa ita ce abin da direba mai natsuwa ke ɗauka daga ganin hatsari zuwa taka birki. Birkin kansa a busasshiyar kwalta zai ci wasu mita 12 zuwa 14. Jimla mita 26 zuwa 28. Lissafin da ake koyarwa a makarantun tuƙi shi ne a ɗauki lambar farko ta gudun a ninka ta da kanta: 5 sau 5, mita 25 a gudun 50, 9 sau 9, mita 81 a gudun 90.

Don auna tazara, ka zaɓi sandar lantarki. In motar gabanka ta wuce ta, ka ƙirga daƙiƙa biyu cikakku. In ka kai sandar kafin ka gama, ka matsa da yawa. Wasu za su shiga cikin tazarar, babu makawa. Ka ɗaga ƙafa kaɗan ka sake buɗe ta, asarar daƙiƙa biyu ce. In wani ya manne maka a baya yana walƙa fitila, kada ka taka masa birki don horo, ka koma dama ya wuce. Duba waya na daƙiƙa biyu a gudun 50 tafiyar mita 28 ce ido rufe, kuma a nan ne mota ke sulalewa zuwa layin wani.

Rairayi, ruwa, hazo da dare

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa na kwaso rairayi ya zube a gefen kwalta, wani lokaci ya cinye mita ɗaya na layin dama. Babura sai su shigo tsakiya, kuma suna da hujja, domin birkin gaba a kan rairayi kayar da babur yake. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko mai rairayi nisan birki na iya ninkawa, don haka tazara ta koma daƙiƙa huɗu. In rami ko kududdufi ya tare layinka, kai ne mai jira: ka rage gudu, ka yi sigina, ka bar mai zuwa a hannunsa ya wuce, sannan ka kauce. Gara taya ta faɗa rami a gudun 15 da a yi gaba da gaba.

Da hunturu in hazo ya sauka, ka kunna gajeriyar fitila ko da rana. Doguwar fitila a cikin ƙura dawo maka take a ido. Da dare ma a cikin gari gajeriya ake amfani da ita. In mai zuwa ya haske ka, ka mai da ido bakin titi na dama ka rage gudu, domin a nan ne amalanke marar fitila da masu tafiya a ƙafa suke. Sigina huɗu ta tsayuwar dole ce ko gargaɗin cunkoso a gaba. Masu kunna ta don nuna za su miƙe a mahaɗa, ko a ayarin biki, sun kashe wa kansu hanyar nuna hagu da dama. Lokacin azumi, rabin awar da ke gaban shan ruwa ta fi kowane lokaci zafi a titi. Dabino da gorar ruwa a cikin mota sun raba ka da wannan tseren.

Wuce mota a babbar hanya

Da ka fita gari a hanyar Doso, wadda ke kaiwa Dogon Dutsi da Ƙonni har mararrabar Tsarnawa inda ake karkata zuwa Tawa, layi ɗaya ne kowane hannu, kuma wuce mota na nufin aron hannun wani. Ga lissafinsa. Tirela mai tsawon mita 18 tana gudun 70, kai kana 90. Bambancinku kilomita 20 ne a awa, wajen mita 5 da rabi a daƙiƙa. Kana bukatar cin mita 60 da ɗoriya, in aka haɗa tazarar baya, tsawon tirelar, tsawon motarka da tazarar gaba. Wannan daƙiƙa 11 ne, a cikinsu ka yi tafiyar kusan mita 280. Motar da ke zuwa da gudun 90 ita ma ta ci 280. Ke nan in ba ka ga fili na mita 600 ba, babu wucewa.

Ka ja baya daga tirelar don ka samu gani, mai mannewa ba ya ganin komai sai bayanta. Ka duba madubi kada wani ya riga ya fara wuce ka, ka yi sigina, ka sauko giya ɗaya don mota ta samu ƙarfi, ka fita gaba ɗaya. Kada ka dawo sai ka ga gaban tirelar duka a madubin ciki. Ba a wucewa a kwana, a hawan tudu, a mahaɗa, a kan gada ko a cikin gari ranar kasuwa. Kada ka bi bayan bas ɗin da ke wuce wata mota, shi zai samu wurin komawa, kai ba ka san abin da ke gabansa ba. Siginar da direban babbar mota ke yi maka wai hanya ta yi, ra'ayinsa ne, idonka ne hujja. In kai ake wucewa, ka riƙe damanka, kada ka ƙara wuta.

In an goga juna

Ka tsaya, ka kunna sigina huɗu, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku mita 30 a bayan motar. Maganar farko ta lafiya ce: "Sannu Alhaji, babu wanda ya ji ciwo?" In akwai rauni a kira 18, ƴan kwana-kwana, ko 15, motar asibiti, a kira 17 don ƴan sanda, kuma kada a ɗaga wanda ya bugu a wuya ko baya sai in barinsa a wurin ya fi hatsari. Ka ɗauki hoto da waya tun kafin komai ya motsa: matsayin tayoyin kowace mota a kan layi, alamar birki a kwalta, allo ko wutar da ke wurin, lambobin motocin, da inda aka bugu, daga nesa da kusa. In ƴan sanda za su zo yin kwansta, wato awon wurin hatsari da rubuta rahoto, a bar motocin yadda suke, domin inda tayarka take game da layi shi ne abu na farko da za a auna. In kuwa ƴar gogayya ce kuma kun daidaita a tsakaninku, ku gama hotuna, ku matsar da motocin gefe, ku yi musayar lambar waya da bayanan parmi (lasisin tuƙi), katin mota da takardar inshora a can, ba a tsakiyar titi ba.